Baƙar Laima da Rigar Yaya Wan-lai

Taipei,
Talata, 9 ga Maris, 2004

Zuwa ga matata Bi-hun,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Vancouver, yaya kuma gwiwar nan taki? Ki gaida min Pei-shan, ki ce babanta yana yi mata sannu da jego, ta daure ta sha romon da kike dafa mata ko da ya gundure ta. Ki shafa min kan jikana.

Wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai, kuma ba a ɗakin mai jego ba, don maganar mamaci ce a ciki. Kin san ba kuɗin waya nake ji ba. Sau uku na ɗaga kan waya zan kira ki, bakina ya ƙi. Mutumin da yake tsawa wa ma'aikata arba'in kullum safiya, yau ga shi ya koma biro da takarda.

Inna ta daina cin abinci. Yau kwana tara ke nan. Likita ya duba, ya ce bai ga sabon ciwo ba, tsufa ne kawai da taurin kai. Ƙanwata Siu-kim ta dafa mata kunun shinkafa da dankali, ta dafa kifi, ta roƙa, ta yi kuka, Inna sai dai ta kurɓi ruwa ta kau da kai. Abin da take ta maimaitawa shi ne wai Yaya Wan-lai yana tsaye a cikin wani rami a ƙarƙashin ƙasa, mai fararen fitilu, babu dare babu rana, mutane suna wuce shi kamar ruwan kogi, ba wanda ya ce masa ga hanya. Ta ce ba za ta ci ba sai ɗanta ya shigo gida. Bi-hun, Inna ba ta taɓa taka Taipei ba, talabijin ma ba ta kallo. A ina ta ga rami mai fitilu?

Ranar Lahadi na zauna a bakin gadonta, sai ta kama hannuna ta ce, "Tien-sung, ka kira shi kuwa?" Na ce, "Na kira shi mana, Inna, ai na sha faɗa miki." Ta dube ni, ta saki hannun, ta juya fuskarta bango.

Ƙarya na yi mata. Shekara talatin da ɗaya ina yi mata ita, ke ma na yi miki.

Ba ki san Yaya ba, hotonsa kawai kika sani. Shi ya bar makaranta ya zo unguwar Wanhua a nan Taipei ya koyi aikin kwano da dalma don ni in kai aji uku na sakandare, kuma shi ya ɗauko ni daga ƙauye ya samo min aikin dare a masana'antar ƙusa. Da ya faɗo daga rufin wani gida yana ɗora indararo, bai yi kwana biyu ba ya cika a ɗakinmu na haya. Shekararsa ashirin da bakwai, ni sha tara. Aka ƙone gawar, aka ba ni tulun tokar in kai gida. Kin ga yadda aka yi wa mahaifinki: a buɗe baƙar laima a kansa, a kira sunansa da ƙarfi a bakin ƙofa, a ce masa za a shiga mota, a ce masa ga gada za a haye, har a kai shi gida, don in ba a faɗa masa ba, inda aka bar shi nan zai tsaya. Ni ma an faɗa min haka, har laimar aka saya min.

A bakin ƙofar ɗakin maƙwabta sun taru suna kallo, sai na ce a raina bari sai na isa tasha. A tasha na ce bari sai na shiga jirgi. A cikin jirgi wasu 'yan mata biyu 'yan jami'a suka zauna gabana, suna hira da yaren makaranta, suna dariya, ni kuma ina cikin kwat ɗina na farko a duniya. Na tura jakar da tulun yake ciki ƙarƙashin kujera. Na ce in an zo gadar farko zan yi. Gada ta zo ta wuce. Haka har Kogin Choshui, inda na buɗe baki na sake rufewa. Kunya nake ji a gan ni ina ihu da yaren ƙauye kamar ɗan ƙauyen da nake. Sai a bakin garinmu na buɗe laimar, don Inna ta gan ta a buɗe.

To jiya na bar masana'anta a hannun manaja, na ɗauko tsohuwar rigar aikin Yaya daga akwatin Inna, na taho. Na kama ɗaki a otal mafi kyau a unguwar, ba don komai ba sai don kada a ce Shugaba Liao ya kwana a ɗakin ƙwari.

Lungunmu na maƙera babu shi. An share shi kaf, an haƙa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a wurin. Na auna da ido daga kusurwar haikalin unguwar, kin san ni da awo ba na kuskure, na ga ɗakinmu ya faɗa daidai ƙofa ta huɗu ta tashar. Na sauka in gani. Da matakalar nan mai tafiya da kanta ta kai ni ƙasa, sai ga fararen fitilu, ga mutane suna kwarara, ba wanda yake duban wani. Kuma ki yarda ko kada ki yarda, a wurin da ko cingam ba a bari a tauna, ni warin dalma mai zafi na shaƙa, har ya daki maƙogwarona. Na waiga. Wata mata ce da jakar kasuwa.

Gobe zan fara. Kada ki gaya wa Pei-shan komai, nononta kada ya ɗauke.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Liao Tien-sung

Taipei,
Alhamis, 11 ga Maris, 2004

Zuwa ga Bi-hun,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da fatan ke da mai jego da jariri kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sai dai barci da ba ya zuwa sosai. Ruwan Taipei bai ɗauke ba tun da na zo, yayyafi ne mai shiga ƙashi, irin wanda kike cewa yana sa wanki wari.

Siu-kim ta kira ni a otal da safe. Ta ce Inna ko ruwan ma sai an ɗiga mata da cokali. Ta ce, "Yaya, wai me ya kai ka Taipei a irin wannan lokaci, ƙofa za ka sayar?" Na ce ta yi min shiru ta kula da abin da ke gabanta. Bayan na ajiye waya na ji ba daɗi.

Jiya tun hantsi na je ƙofa ta huɗu. Na sayi kaza dafaffiya guda, da lemo mafi tsada, da giyar waje, na jera a gefen matakala a kan jarida, na kunna turaren tsinke. Da yake ana ruwa, laimata ba ta ja hankalin kowa ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin haka. Na sunkuya na yi magana a hankali. Na ce ni ne Liao Tien-sung, mai masana'antar ƙofofin ƙarfe a Douliu, na zo in tafi da Liao Wan-lai gida. Na faɗa masa na gyara masa makwanci da farin dutse, na faɗa masa rabin shagunan jiharmu ƙofata suke ja su rufe. Sannan na jefa sulalla biyu in ji ko ya zo, tunda kin san sai ɗaya ya kwanta fuska sama ɗaya ya kife ne ya amsa. Duka biyun suka kife. Na sake, suka kife. Na ƙara turare, na jira, na sake, duka biyun suka kwanta fuska sama, wato ma dariya ake yi min. Har azahar ban samu ɗaya sama ɗaya ƙasa ba ko sau guda. Ke kin yi lissafi fiye da ni a makaranta, ki faɗa min, sau nawa mutum zai jefa sulalla biyu su ƙi rabuwa?

Da na gaji na shiga dandalin da ke bayan tashar, inda tsofaffi marasa wurin zuwa suke zama suna buga dara a ƙarƙashin rumfa. Akwai wani da ya ba ni baya, siriri, wuyansa da ƙunar rana, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na bi shi har wajen masu sayar da ganyen magani kafin ya juyo. Tsoho ne mara haƙori. Sai a lokacin na tuna Yaya ba zai tsufa ba. Na duba gilashin wani shago na ga mai furfura da tumbi, wanda ya girme wa yayansa da shekara ashirin da uku.

Yau na koma, abin bai canja ba. Ina cikin tsintar sulallana a ƙasa sai na ji murya daga tsallaken titi: "Kai mai kwat! Tun jiya kake watsa kuɗi a bakin tasha. In sun yi maka yawa ne kawo su nan, ka sha shayi!" Wata tsohuwa ce mai sayar da shayin ganye mai ɗaci, a wani ɗan shago da bai kai faɗin motata ba. Na tsallaka don in gaya mata magana. Ta ƙura min ido, ta ajiye ludayi, ta ce, "Kai! Ba Kwikwiyon Wan-lai ba ne? Wa ya hura ka haka?"

Bi-hun, ba ki taɓa jin sunan nan ba, don na binne shi kafin in san ki. Inna ta binne 'ya'ya biyu tsakanina da Yaya, shi ya sa ta laƙaba min Kwikwiyo don aljanu masu ɗaukar yara su raina ni su wuce. Tsohuwar kuwa Goggo Kiok ce, matar ɗan mai gidan da muka yi haya. A da ita ce kyakkyawar lungun.

Ta zuba min shayi, ta ƙi karɓar komai, ta tsare ni sai na shanye. Na ce mata ai yanzu Shugaba Liao ake ce min. Ta ce, "To sannu, Shugaba. Shi ya sa aka ƙi kula ka. Ina jiyo ka daga nan, kana yi masa yaren rediyo, kana karanta masa sunanka kamar mai karɓar haraji. Wan-lai ya san wani Shugaba ne? In ni ce ma ɓuya zan yi." Na ce na kawo masa kaza da giyar waje. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Mutumin da bai taɓa shan abin da ya wuce ruwan shayi ba! Kai dai kanka ka kawo wa."

Sai ta daina dariya. Ta ce ranar da na fito da tulun tana tsaye a bakin famfo, ta ga na cusa shi a jaka, ta ga laima a naɗe a hammatata, ta buɗe baki za ta yi magana surukarta ta ja ta ciki. Ta ce tun daga ranar ba ta taɓa wuce gindin ceɗiyar bakin lungu da safe ba tare da ta ce masa sannu da jira ba.

Na ce wace ceɗiya, ai a ɗaki ya rasu. Ta ce, "Wa ya ce maka yana ɗaki? Ka manta ne, ko ƙiba ta toshe maka kai? Kullum bakwai na safe ina yake?"

Ban manta ba, Bi-hun, na dai ƙi tunawa ne. Kullum in na tashi daga aikin dare, bas yana sauke ni a gindin ceɗiyar nan ƙarfe bakwai. Kullum Yaya yana wurin kafin ya tafi nasa aikin, da gasasshen dankali a cikin rigarsa, a ƙirji, don kada ya huce. Har ƙuna ya yi masa a fata. In na sauko ya miƙo min ya ce, "Ci, Kwikwiyo, ka je ka kwanta." Daga baya na fara sauka a tashar gaba in zagayo, don abokan aikina suna yi min dariya.

Ceɗiyar tana nan. Masu haƙa sun ji tsoron sare ta saboda jan ƙyallen da ke ɗaure a jikinta, suka karkata ƙofa ta biyu ta bi gefenta. Na ce to gobe zan yi a gindinta. Goggo Kiok ta girgiza kai ta ce bas ya daina tsayawa nan shekara biyar ke nan, yanzu ta ƙarƙashin ƙasa mutane suke isowa. Ta ce, "Mai jiran mutum ai inda ake isowa yake tsayawa. Ka kunna turarenka a gindin itace, ka sauka ƙasa, bakin inda ake sa tikiti, ƙarfe bakwai. Ka buɗe laimarka a ciki. Ka kira shi yadda zai ji ka a cikin hayaniyar nan, ba wannan raɗar da kake yi kamar ɓarawon kaza ba."

Ƙarfe bakwai na safe, lokacin da duk Taipei take bi ta wurin. Na ce mata ba za a iya ɗauko malamin haikali ya yi ba, ko nawa ne? Ta ce, "Malamin haikali yake jira?"

Ga rigar nan a kan kujera ina kallonta ina rubutu. Na tsaya gaban manyan 'yan kwangila ban ji ɗar ba, na tsaya gaban mahaifinki da hannuna duk tabon walda na nemi aurenki. Amma gobe nake tsoro. Ba dariyar mutane ce ta fi damuna ba yanzu. In na kira shi da sunan da ya san ni, ya ji, kuma sulallan suka kife fa?

Ki kunna min turare ko tsinke ɗaya ne a baranda, nesa da jariri. Na san kafin takardar nan ta iso ki an gama komai, amma ki kunna.

Naki har kullum,
Tien-sung

Gida,
Lahadi, 14 ga Maris, 2004

Zuwa ga Bi-hun, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidan. Siu-kim ta ce kin kira sau biyu jiya kina faɗa wai na ƙi karɓar waya. Ba ƙi na yi ba. Ba ni da murya ne, ko kaɗan. In na buɗe baki iska ce kawai take fita. Ki yi haƙuri ki karanta.

Ranar Juma'a na bar kwat a otal, na sa 'yar shara. Goggo Kiok ta riga ni zuwa gindin ceɗiya, ta miƙo min gasasshen dankali a takarda ta ce, "Wannan karon kai za ka kai masa." Na kunna turare, na kafe shi a gindin itacen, na rataya rigar Yaya a hannu, na sauka.

A ƙasa mutane kamar an buɗe dam. Na tsaya jikin wani ginshiƙi daura da inda ake sa tikiti, na buɗe baƙar laima. Nan take aka fara kauce min. Na kira, muryar ta fito 'yar ƙarama, ni kaina da ƙyar na ji ta. Na jefa sulalla, suka kife. Na ga wani saurayi mai jakar ofis yana taɓa abokinsa yana nuna ni da haɓa, na ji hannuna yana neman maɓallin laimar da kansa, kamar wancan karon. Sai warin dalmar nan ya sake zuwa, kusa, daidai kafaɗata ta hagu.

Na rufe ido na kware baki da yarenmu na gida, da muryar da nake tsawa a masana'anta: "Yaya Wan-lai! Kwikwiyo ne! Na tashi daga aiki! Zo mu tafi gida, Inna tana kira!" Sau uku. Tashar ta amsa min, har wani wuri ya yi tsit. Na jefa. Ɗaya ya kwanta fuska sama nan take. Ɗayan ya gangara, ya yi ta juyi a kan dutsen daɓen kamar ba zai tsaya ba, ya zo ya daki takalmina ya kife.

Ban san na durƙusa ba sai da na ji an taɓa ni. Ma'aikaciyar tasha ce, da kayan aiki da rediyo a hannu. Ta fara cewa, "Malam, don Allah laimar nan," sai idonta ya kai kan rigar da sulallan. Ta sauya zuwa yaren gida ta ce, "Baba, ina za ku?" "Ku" ta ce, Bi-hun, ba "kai" ba. Na ce babbar tasha, daga nan kudu. Ta ce za ta buɗe mana ƙofar gefe mai faɗi. Na ce a'a, tikiti biyu na yanka, yayana bai taɓa shiga mota bai biya ba. Na sa na farko na wuce, na miƙa hannu na sa na biyu, ƙofar ta buɗe, ba kowa a cikinta, na ce, "Yaya, wuce, ƙofa ce." Ta daɗe a buɗe kafin ta rufe. Na san ƙofa, aikina ne, na san lokacin da ya kamata ta rufe. Ba zan ce komai ba bayan wannan.

Na ce masa za mu sauka matakala, kada ya ji tsoro, ita take tafiya. Na ce masa za mu shiga jirgi. Taragon ya cika maƙil, amma aka matsa aka bar fili a gefena na hagu, wajen tsayuwar mutum guda, ba wanda ya shiga har muka sauka. A babbar tasha na yanki kujeru biyu a jirgin kudu, na ba shi ta taga, na shimfiɗa rigar, na ɗora dankalin, na riƙe laimar a kai.

Ban san ƙasarmu tana da gadoji haka ba. Wancan karon ina kallon takalmina. Kowace ɗaya na faɗa, babba da ƙarama, har ta kan kwata: "Yaya, ga gada, haye!" In za mu shiga ramin dutse in ce, "Yaya, duhu ne, biyo ni!" Da farko wani ya tashi ya canja tarago. A Hsinchu wani ɗan kwangila da yake sayen ƙofa a wurina ya shigo, ya tsaya kaina baki buɗe ya ce, "Shugaba Liao? Lafiya?" Na ce, "Yi haƙuri, ina tare da yayana," na juya na faɗi gadar da ke tafe. Ko a jikina, ya je ya faɗa wa duk wanda ya ga dama.

Wata mata mai kwandon gwaiba a kujerar gaba ita ta zama idona. Ta san hanyar kamar tafin hannunta. Sai ta juyo ta ce, "Shirya, Baba, akwai wata bayan kwanar nan, doguwa ce, ka ja numfashi." Da ta ji muryata ta fara tsagewa ta ba ni ruwan zafi a murfin kwalbarta, ta ce, "Shekara nawa ya yi a can?" Na nuna mata da yatsu. Ta ce, "Kai, amma kai ma ka iya barin mutum a tsaye." Ban ji haushi ba.

Kafin Changhua muryar ta koma kamar ana goga ƙarfe da zarto. Da muka hau gadar Choshui na tashi tsaye, laima tana dukan rufin tarago, na tattara abin da ya rage na ce, "Yaya, kogin gida ne, haye, haye!" Daga nan ta tafi. Sauran ƙananan gadojin daga Douliu zuwa ƙauye da raɗa na yi su, na kafa bakina a jikin rigar.

Da la'asar muka iso. Siu-kim ta fito ta gan ni da laima ba ruwa ba rana, ta dafe baki, ta ja da baya ta ba mu hanya. A bakin ɗakin Inna na buga dokin ƙofa da hannu sau uku, tunda ba bakin faɗa. Inna da ta kwana biyu ba ta buɗe ido ba, ta buɗe. Ba ni ta duba ba. Gefena na hagu ta duba, sama kaɗan, don Yaya ya fi ni tsawo. Ta ce, "Wan-lai, ka daɗe a hanya. Zauna, ƙafarka ta gaji."

Na ɗora rigar a kujerar bakin gado, na durƙusa. Na shirya maganar tun daga Taipei, yadda zan ce mata na yi ƙarya, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake gwadawa. Ta sa hannu ta taɓa maƙogwarona ta ce, "Bar shi, Kwikwiyo. Na sani tun ranar. Wanda ya kira mamaci daga Taipei har nan ba ya shigowa gida da murya garau. Kai kuwa ka shigo ka gaishe ni kamar mai karanta labarai." Ta ce ta yi shiru ne don ta rasa ɗa guda a Taipei, ba ta so ta kori na biyu da kunya. Ta ce ta ɗauka zan koma da kaina in na girma, sai ta ga ina ta girma ta wani wajen.

Sannan ta ce wa Siu-kim, "Ke kuma kin tsaya kina kuka, ba za ki ba mutane abinci ba? Kwano uku." Ta sha cokali bakwai na kunun shinkafa, na ƙirga. Jiya ta sha rabin kwano, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Likita ya ce kada mu sa rai da nisa, kuma ni ma na gani, ta fara rabon kayanta. Amma tana ci, kuma da safe ta tambayi sunan jikanki. In mai jego ta cika wata ki taho, kada ki ƙara ko kwana ɗaya, ki zo da hotonsa.

Abu ɗaya ban gaya wa kowa ba sai ke. Da na ɗauki rigar daren jiya zan kai ta gaban allon sunayen kakanni, inda muke kunna musu turare, dankalin ya daɗe da hucewa, tun a Taoyuan ya yi sanyi, kuma a gefe na ajiye shi. Amma rigar da ɗumi a wajen ƙirji. Na riƙe ta har na gaji da tsayuwa.

Ki gaida Pei-shan, ki sumbaci yaron. In kin kira, ki yi ta magana, ina ji, ko ban amsa ba.

Mijinki,
Tien-sung, wanda a gidan nan ake ce wa Kwikwiyo